Kulocin Bawa Direba

Ranar wata Juma'a da la'asar, cikin kakar shekarar 1987, Alhaji Maigari ya shigo caji ofis na Kaura Namoda yana huci, direbansa na biye da shi kamar wanda aka kamo da akuya. Alhaji dillalin hatsi ne, yana da a-kori-kura fara ƙirar Fijo, wadda ke jigilar buhuna da mutane tsakanin Kaura, Zurmi da Shinkafi. Ita ce aka sace.

Sufeto Muhtari ne ya karɓi maganar. Mutum ne mai sanyin murya, ɗan baduku, kuma ya gaji wani hali a rumfar ubansa wanda kakin ɗan sanda bai raba shi da shi ba: kafin ya dubi fuskarka sai ya dubi takalminka. Abokan aiki suna yi masa tsiya cewa ya fi sanin mutanen gari daga idon sawu zuwa ƙasa. Shi dai murmushi yake yi.

"Ina anka ajiye motar?" Sufeto ya tambaya.

"Bakin tasha, Yallaɓai," direban ya amsa. Sunansa Bawa, gajere ne, ya haura arba'in. "Na kulle ta nit tahi masallaci. Da anka sallame na iske wurin wayam."

"An fasa gilashi?"

"Ko ɓarɓashi babu ƙasa."

"To ka ji," Alhaji ya karɓe. "Makulli guda ɗai gare ta, ga shi can aljihunai. Mota ba ta da fiffike. Shekara goma sha ɗaya ina ciyar da wanga mutum, ashe maciji nika kiwo."

Bawa ya fito da makullin ya ajiye kan kanta. Doka ce, tun da mai kaya ya nuna mutum da baki, dole a tsare shi. Saje Aondona ya ce masa ya cire takalmi da hula. Bawa ya miƙa hular nan take, amma ya daɗe kafin ya sunkuya ga takalmin.

Sufeto ya ga wannan jinkirin, ya kuma ga takalmin. Ƙafar hagu an yi mata ƙarin dunduniya da fata hawa uku, ɗinkin ƙwararre, an shafe da baƙin mai don kada a lura. Da Bawa ya taka ƙasa babu shi, sai kafaɗarsa ta karkata. Sufeto ya ɗauki takalman da kansa ya sa a durowar teburinsa.

Washegari da hantsi wani manomi ya zo a kan keke daga Sakajiki. Ya ce ga wata mota can an ƙone a hanyar daji, bayan gonarsa.

Sufeto da Saje suka tafi, Alhaji ya bi su a motar haya tare da ɗan ƙanensa Abbati, wani dogon saurayi mai agogon ƙarfe da baƙin tabarau. Gawar motar na tsaye kan duwatsu, babu taya, babu inji. Lambar gaba da ta baya sun yi baƙi amma ana karanta su. Kejin ƙarfen da aka ɗora mata a baya don buhuna yana nan daram.

"Ita ce," Alhaji ya ce, ya dafa kejin. "Ni nis sa anka yi wanga kejin. Sun kwashe inji da tayu, sun ƙone sauran. Allah ya isa."

"Allah shi mayar da alheri, Alhaji," Sufeto ya ce. "Tana da inshora?"

"Tana da, babba ma, wadda ka biyan sata da gobara. Takardarku ɗai kamfani ka jira."

Sufeto ya zagaya motar a hankali. Ya buɗe ƙofar direba, ya durƙusa, don dai halinsa ne ya fara daga ƙasa. Ya dubi totur, birki da kuloci, duk uku a jere, wuta ta cinye robarsu. Sannan ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya sa hannu ya ɓamɓaro wani abu.

"Saje, mene ne wannan?"

Aondona ya jujjuya shi. "Gidan zanzaro ne, Oga. Wuta ta gasa shi kamar tukunya."

"Akwai wasu huɗu a ciki."

Sufeto ya naɗe shi a hankici ya sa aljihu. Zanzaro ba ya gini inda ake girgiza shi kullum. Motar da ke zuwa kasuwa sau biyar a mako ba ta tara gidajensa har biyar, sai wadda ta shekara a jibge a bayan gida. Amma gidan ƙwaro ba hujja ba ce da za a kai gaban alƙali, musamman a kan mutum mai rawani da jama'a.

Da suka koma ofis, Saratu matar Bawa na zaune a dakali da kwanon tuwo a cinya. Ta miƙe ta rusuna.

"Yallaɓai, mai gidana ko goron wani bai taɓa ɗauka ba. In anka kai shi gidan kaso, ba ya iya aikin ƙarfi. Ku duba."

"Muna dubawa, Malama. Miƙa tuwon a kai mishi."

Ya sa aka fito da Bawa, ya ba shi kujera.

"Malam Bawa, ban da keji, an ƙara wa motar nan wani abu?"

"A'a, Yallaɓai."

"Ko an sauya wani abu? Kujera, fitila, wani ƙarfe?"

Bawa ya dubi bango. "Yadda ta hito kamfani haka take."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Ƙarya yake yi, kuma bai iya ta ba, har gumi ya karyo masa. Abin ya ba Sufeto haushi ƙwarai. Ga mutum ana shirin tura shi kotu ranar Alhamis da laifin da zai iya cin shekarunsa, ka miƙa masa igiya yana ture hannunka. Amma Sufeto ya san akwai abin da talaka ke tsoro fiye da kurkuku, don haka bai matsa ba.

Ranar Litinin da safe ya nufi ofishin inshora, wani ɗaki guda kusa da tashar jirgin ƙasa. Madam Agatha ce wakiliyar kamfanin a Kaura. Ta shekara ashirin a garin, Hausa a bakinta kamar 'yar gida, kuma direbobi sun sa mata suna Sarkin Tambaya. Wasu sun gwammace su je har Gusau sabunta takarda da su zauna gabanta.

"Sufeto, ka zo a kan motar Alhaji Maigari," ta ce kafin ya zauna. "Ya riga ka. Tun bakwai yana ƙofa yana son a cika masa takardar neman biya."

"Kin cika?"

"Na ce sai na ga rahotonku. Ni ba na gudu da takarda."

"Me ya sa direbobi ke ƙin ki, Madam?"

Ta yi dariya. "Tambaya ɗaya ce. Duk shekara in mutum ya zo, sai in ce, an ƙara wa motar wani abu? An rage? An sauya? Su gani suke neman hanyar ƙara musu kuɗi nake. Ba su san cewa motar da kamfani ya ɗauki nauyinta ita ce wadda ke cikin takarda ba. Ka ƙara tanki ka ɓoye, ka ƙara kujera ka ɓoye, ranar da tsautsayi ya zo a duba a ga wata mota ce daban, kamfani ya wanke hannu. Wa ya yi asara?"

Ta jawo fayil mai ruwan ƙasa ta buɗe. Akwai takardar kejin ƙarfe, da sa hannun Alhaji, tun shekarar da aka sayi motar. A ƙasa akwai wata takarda ta shekara uku da suka wuce, da dangwalen yatsa.

"Wannan fa?"

Madam Agatha ta dafa takardar. "Wannan amana ce, amma tun da mai ita na tsare zan faɗa. Bawa ne ke zuwa sabunta takarda. Shekaru yana ce mini babu abin da aka sauya. Wata rana na ce masa, Bawa, mutane kake ɗauka a bayan motar nan, mata da goyo. In ka ɓoye mini abu kuka yi haɗari, iyalansu ko sisi ba za su gani ba. Ya fita. Bayan azahar ya dawo, ya rufe ƙofa, ya cire takalminsa."

Ta juya takardar ta karanta masa. An yi wa kuloci ƙarin ƙarfe mai tsawon yatsa huɗu, an like da walda, saboda ƙafar hagu ta direba ba ta kai shi ƙasa sosai. Wanda ya yi aikin, Ndubuisi mai walda, Shinkafi.

"Kamfani ya yarda?"

"Sun turo injiniyansu ya gwada, ya ce aikin ya yi kyau, suka amince. Suka rubuto wa mai mota wasiƙa. Bawa na ba ya kai masa. Ranar ya roƙe ni in riƙe ta, kamar zai yi kuka, wai Alhaji ya taɓa cewa shi ba ya ba nakasasshe motarsa. Na ce ba ni da ikon riƙe wasiƙar mutum."

Sufeto ya rufe ido, ya maido hoton abin da ya gani a Sakajiki. Totur, birki, kuloci, duk kai ɗaya, babu wanda ya ɗara wani ko da ƙwayar gero.

"Madam, ara mini takardar nan."

"Sa hannu a nan, da kwanan wata," ta ce, ta tura masa littafi. Sarkin Tambaya ba ta ɗaga wa kowa ƙafa, ko da ɗan sanda ne.

Ranar Talata suka kama hanyar Shinkafi shi da Saje. Rumfar Ndubuisi na bakin kasuwa, janareta na ta ƙara. Ya kashe shi da ya ga kaki, ya ɗaga gilashin fuskarsa.

"Ka san Bawa direban Alhaji Maigari?"

"Bawa gajere? Mutumina ne. Ni na yi masa kuloci, tun motar tana sabuwa. In ya zo Alhamis nan yake cin abinci."

"Yaushe rabonka da motar?"

"Shekaranjiya, Lahadi."

Saje ya ɗago kai daga littafinsa. "Lahadi? Motar da aka ƙone ranar Juma'a?"

"Wace ƙonewa? Da ƙafarta ta zo nan. An cire keji, an sa wata lamba, amma ni ba na mance aikina. Wani dogon yaro mai baƙin tabarau ya kawo ta, ya ce gwiwarsa na bugun sitiyari in ya taka kuloci, in yanke masa abin nan. Na ce ina Bawa? Ya ce Bawa ya bar aiki, an sayar da mota. Na ji ba daɗi, amma na yanke."

"Ina ƙarfen?"

Ndubuisi ya tona tarin ɓaraguzan ƙarfe a gefen rumfa ya zaro shi. Ɗan guntu ne, samansa ya sha taku har ya yi santsi yana ƙyalli, gefe guda ya fi cinyewa.

"Ya faɗi inda ya nufa?"

"Ya tambayi ko hanyar Jangeru ta bushe. Ya ce mai saye zai zo daga ƙetare ranar kasuwa."

A Jangeru ba su sha wahala ba. Ƙauye ba ya ɓoye baƙuwar mota. Wata tsohuwa mai tallar nono ta nuna musu wani danni a bayan gari, inda aka jingina zana aka lulluɓe da karan dawa. Da Saje ya janye karan, sai ga farin fenti. Abbati na kwance ƙarƙashin wata bishiyar bedi yana jin rediyo. Ya zabura zai gudu, sai ya ga babu inda zai nufa, ya koma ya zauna.

"Motar wa ce wannan?" Sufeto ya tambaya.

"Ta wani abokina ce, mutumin Maraɗi. Tsaro ya ba ni."

"Sunansa?"

Abbati ya cire tabarau, ya mayar.

Sufeto ya buɗe ƙofar direba ya durƙusa. A kan kulocin akwai sabon yanka, ƙarfen fari tas, tsatsa ba ta taɓa shi ba. Ya ɗora guntun da ya karɓo daga Ndubuisi, ya zauna daidai kamar murfi a bakin tulu.

"Juya aljihunka."

Makulli ya faɗo, sabo, da ɗan zaren kore a jiki.

"Baba Alhaji yab ba ni," Abbati ya ce da ƙaramar murya. "Ni aike na anka yi. Wata matacciyar Fijo yas saya Zurmi, ta shekara biyu bayan gidan wani bakanike. Munka jawo ta, munka mayar da keji da lamba kanta. Ya ce kamfani su biya waccan, a sai da wagga."

"Bawa fa?"

"Ya ce dole a samu wanda za a ce ya ba da makulli, in ba haka ba kamfani na tambaya."

Sufeto ya dubi takalmin Abbati, sau-ciki mai tsada wanda bai taɓa taka gona ba, ya ce wa Saje ya sa masa ankwa.

Ranar Laraba da hantsi aka aika wa Alhaji Maigari cewa rahoto ya kammala, ya zo da duk takardun motar. Ya iso cikin babbar riga, wani ɗan akwatin ƙarfe a hammata, fuskarsa sake. Ya tarar da Madam Agatha zaune, Bawa na tsaye a gefe ba takalmi.

"Alhaji, zauna," Sufeto ya ce. "Tambaya biyu ce ta rage. Ka tabbata motar da munka gani Sakajiki taka ce?"

"Ko cikin barci na san motata."

"Ka san duk abin da ke jikinta?"

"Ƙusa guda ba a sa mata ba da sanina ba."

"To buɗe akwatin. Akwai wata wasiƙar kamfani ta shekara uku da suka wuce."

Alhaji ya buɗe yana ƙunƙuni. Takardu ne cunkushe, wasu sun yi ja. A tsakiya akwai ambulan guda shida masu tambarin kamfani, ko ɗaya ba a yage bakinsa ba. Alhaji mutum ne da ya ɗauki takardar Turanci kamar laya, a adana ta da kyau, ba a buɗewa. Madam Agatha ta duba hatimin kwanan wata, ta zaro ɗaya, ta nemi izni ta yage, ta fassara masa tiryan-tiryan.

Alhaji ya saurara, bakinsa ya ɗan buɗe. "Wane ƙarin ƙarfe? Wane kuloci?"

Sufeto ya jera abubuwa uku a kan tebur: gidan zanzaro, guntun ƙarfe, da makulli mai koren zare. Sannan ya ɗaga labulen taga. A farfajiya ga a-kori-kurar tsaye, Abbati na zaune a bayanta da ankwa.

"Wadda anka ƙone kulocinta na kamfani ne, Alhaji. Bawa ba ya iya tuƙa ta ko zuwa bakin tasha. Ka kwashe keji, ka kwashe lamba, duk abin da ido ka gani daga kujerar mai gida. Ƙasan sitiyari ne ba ka taɓa leƙawa ba."

Alhaji ya dubi makullin, ya dubi taga, ya share goshi da hannun riga.

"Hatsi ya faɗi bana," ya ce a hankali. "Shaiɗan ne. Ni nis shirya, ni nis sa Abbati. Na ɗauka Bawa wata ukku za a ba shi, in ya hito in sallame shi da wani abu."

"Shekara biyar ce, in alƙali ya yi sauƙi," Sufeto ya ce. "Saje, rubuta."

Da aka gama rubutu Alhaji ya sa hannu, Sufeto ya jawo durowa ya fito da takalman Bawa, ya ajiye masa a gabansa da kansa.

"Malam Bawa, da ka faɗa mini ranar Asabar, da ba ka kwana biyar nan ba."

"Tsoro nij ji, Yallaɓai. Na ce in anka sani, a karɓe lasin ɗina. Ni ba ni da gona, ba ni da wata sana'a. Shekara ukku kullum in Alhaji ya kira ni sai gabana ya faɗi, in ce ya karanta wasiƙar."

"Babu mai karɓe lasin ɗinka," Madam Agatha ta ce. "Injiniya ya gwada ka, yana rubuce. Duk mai motar da ya tambaye ni, zan ce ga direba ɗaya a garin nan da ya ba ni amsar gaskiya."

Bawa ya sunkuya yana sa takalmi, na hagu da farko. A daidai lokacin Saje ya taso da Alhaji zai wuce da shi bayan kanta. Alhaji ya tsaya, idonsa ya sauka kan ƙafar, kan ɗinkin fata hawa uku, ya daɗe yana kallo.

"Tun yaushe ƙafarka take haka?" ya tambaya.

"Tun ina ɗan shekara huɗu, Alhaji."

Saje ya taɓa kafaɗar Alhaji, suka wuce.

Saratu na bakin ƙofa da kwanonta, ta kawo tuwon rana ba ta san an gama ba. Bawa ya kai ƙofa sai ya juyo, yana kallon guntun ƙarfen da ke kan tebur.

"Shaida ce yanzu," Sufeto ya ce. "In an gama shari'a ka zo ka karɓa. Ƙafarka ce ta cinye shi, naka ne."

Bawa ya gyaɗa kai, ya karɓi kwanon daga hannun matarsa, suka kama hanyar gida.